Asalin zanzaron zarto: shaidar ɗakin uwa kaɗai ba ta isa ba

Kowa ya san zanzaro da siririn ƙugunsa. To, yana da wasu 'yan'uwa marasa wannan ƙugu, kusan iri 8,000, waɗanda matansu ke da wani abu kamar zarto a ƙarshen ciki, da shi suke tsaga ganye ko kara su saka ƙwai. Su ne zanzaron zarto. A gonakin alkama na Montana a Amurka, tsutsar ɗaya daga cikinsu kan ci cikin kara, ta datse shi daga gindi, dab da girbi sai ka ga alkama ta kwanta.

Daga cikin zuriyar waɗannan ƙwari ne ƙudan zuma da tururuwa da shi kansa zanzaro suka fito. Shi ya sa masana suka damu da gano wa ya haifi wa a gidan.

Abin da aka fi kamawa wajen binciken shi ne DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) na mitokondiriya, wato ɗan injin da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi. DNA ɗin gajere ne, yawanci ƙwayoyin gado 37 kacal, karanta shi kuma ba tsada. Tun da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar tantance jinsi da guntu ɗaya daga cikinsa a 2003, aiki ya zo da sauƙi. Ni dai a ganina sauƙin nan ya sa an sakankance fiye da kima.

Daga uwa kaɗai ake gadon mitokondiriya. Kamar mutum ne ya je binciken asalin mai neman aure, ya tsaya a dangin uwa ya dawo ya ce ya gama. A 2007 Catherine Linnen da Brian Farrell sun nuna cewa a zuriyar zanzaron zarto da ake kira Neodiprion, masu cin ganyen bishiyar fayin a Arewacin Amurka, mitokondiriya ya sha tsallakawa daga wannan jinsi zuwa wancan ta hanyar barbara, har labarinsa ya saɓa da na sauran DNA.

Wani dalilin da ake zato ma abin mamaki ne. Namijin waɗannan ƙwari ba shi da uba, daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa. Saboda haka idan jinsi biyu suka haɗu, 'ya'yan farko masu ruwa biyu duk mata ne, su ne kuma masu miƙa mitokondiriya gaba.

Ba cewa nake a jefar da DNA ɗin mitokondiriya ba, yana da amfani wajen nuna inda za a fara tono. Amma duk wanda zai raɗa wa sabon jinsi suna da shi kaɗai, a tambaye shi ina shaidar ɗakin uba, ya kuma kawo ƙwaron a duba haƙoran zarton.