Albashin da aka sayar kafin masu shi su zo

A watan Nuwamban 2023, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Amurka, UAW, ta kai wa mambobinta yarjejeniyar da aka daɗe ba a ga irinta ba: ƙarin albashi na kashi 25 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu da rabi, bayan yajin aikin mako shida a General Motors da Ford da Stellantis. Amma da aka ƙirga ƙuri'u a General Motors, kusan kashi 45 cikin ɗari sun ce ba su yarda ba. Manyan masana'antu irin na Flint a Michigan, Spring Hill a Tennessee, Wentzville a Missouri da Fort Wayne a Indiana duk sun yi watsi da ita. Mai kallo daga nesa zai ce butulci ne. Ni kuwa gani nake mutanen bashi suke bi, kuma sun san ba a gama biyansu ba.

Bashin ya samo asali ne daga 2007, lokacin da Ron Gettelfinger ke shugabancin ƙungiyar. Kamfanonin Detroit, wato General Motors da Ford da Chrysler, na kukan asara, Toyota da Honda na cinye musu kasuwa. Sai aka amince da tsarin albashi mai hawa biyu. Tsohon ma'aikaci ya ci gaba da karɓar kusan dala 28 a awa, da fanshonsa, da kuɗin asibiti bayan ritaya. Sabon ɗauka kuwa zai fara da kusan dala 14, babu fansho na dindindin, babu asibitin tsufa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ga mutum biyu a layi ɗaya, wannan na ɗaura ƙofar hagu, wancan na ɗaura ta dama, amma ɗaya na komawa gida da rabin abin da ɗan'uwansa ya samu.

Su wa suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wannan? Waɗanda ragin bai taɓa aljihunsu ba. Su wa ragin ya faɗa wa? Mutanen da ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna, wasunsu a lokacin suna makarantar sakandare. A nan ne nake ganin shugabannin suka yi laifin da ya fi kowane girma, tun kafin a zo batun cin hanci. Sun nemi hanyar da yarjejeniya za ta wuce cikin sauƙi, sai suka ɗora nauyin a kan wanda ba shi da bakin magana a zauren. Ƙungiyar da ta samu ƙarfinta da zaman dirshan na kwana 44 a masana'antun Flint tsakanin 1936 da 1937, a kan cewa ciwon ɗaya ciwon kowa ne, ita ce da hannunta ta raba 'ya'yanta gida biyu. Kamfani kuma ya samu riba biyu: albashi ya ragu, sannan duk ranar da aka zo maganar yajin aiki, sabo na kallon tsoho a matsayin wanda ya sayar da shi.

Shugabannin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A ƙarshen 2008 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, cinikin mota ya faɗi ƙasa warwas. Chrysler ya shiga kotun fatara a ƙarshen Afrilun 2009, General Motors ya bi shi ranar 1 ga Yuni. Gwamnati ba ta ba da kuɗin ceto kyauta ba. Tun rancen farko a zamanin Bush aka gindaya sharaɗin cewa kuɗin ƙwadago ya sauko ya yi daidai da na kamfanonin waje masu ƙera mota a Amurka. Aka dakatar da alawus ɗin tsadar rayuwa, wanda ma'aikatan General Motors suka samu tun 1948. Aka soke tsarin biyan waɗanda aka sallama na ɗan lokaci. Aka kuma ɗaure hannun ƙungiyar daga yajin aiki kan albashi a kamfanonin biyu har zuwa 2015. Maganar shugabanni ita ce da babu gara ba daɗi, kuma a 2009 gaskiya suka faɗa. Inda aka bar kamfanonin suka mutu, da babu albashin da za a yi gardama a kansa.

Akwai ma misalin da masu kare su ke yawan kawowa. A 2010, a wata masana'antar buga ƙarafan jikin mota ta General Motors da ke Indianapolis, wani ɗan kasuwa ya ce zai saya idan ma'aikata suka yarda a rage albashi kusan rabi. Uwar ƙungiya ta turo jami'anta su lallashe su, ma'aikata suka yi musu ihu har taron ya watse. Da aka zo ƙuri'a, 457 suka ƙi, 96 suka yarda. A 2011 aka rufe masana'antar. To, ga abin da taurin kai ke jawowa, in ji masu wannan ra'ayi.

Na yarda cewa ƙin ragi yana da tsada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka shugabanni sun fita. Wanda ya ba da rance yakan rubuta ranar biya. An gaya wa ma'aikata cewa sadaukarwar ta ɗan lokaci ce, amma babu wanda ya sa a takarda cewa ranar da riba ta dawo, abin da aka karɓe zai dawo. Riba kuwa ba ta ɓata lokaci ba. Cikin 'yan shekaru kamfanonin suka koma kwasar biliyoyin daloli daga manyan motocin a-kori-kura da jif-jif, shugabar General Motors, Mary Barra, ta karɓi kusan dala miliyan 29 a 2022 kaɗai. Alawus ɗin tsadar rayuwa kuwa sai da ya shekara goma sha huɗu a dakace. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sannan a dubi yadda ake yi da muryar mambobi idan suka yi magana. Ford bai shiga kotun fatara ba, amma a ƙarshen 2009 ya ce shi ma a ba shi rangwamen da aka ba abokan hamayyarsa. Shugabannin ƙungiya suka yarda, suka zaga masana'antu suna tallar yarjejeniyar. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan Ford suka ƙi. Ford bai mutu ba. Mutumin da ya jagoranci wannan ciniki, Bob King, bai kai shekara ba aka ɗaga shi ya zama shugaban ƙungiyar gaba ɗaya. A wace ƙungiya mai jin maganar mambobinta hakan zai faru? Amsar tana cikin tsarin zaɓe. A wancan lokacin ma'aikaci ba ya zaɓen babban shugaban UAW da kansa. Daliget ne ke zaɓe a babban taro, kuma rukuni guda, wanda ya samo asali tun zamanin tsohon shugaban ƙungiyar Walter Reuther a shekarun 1940, shi ke fitar da ɗan takara, shi ke raba muƙamai. An yi shekara sama da saba'in ana haka. Shugaban da ba ka iya cirewa ba shi da dalilin jin tsoronka.

A 2015 ma'aikatan Fiat Chrysler, wato Chrysler bayan haɗewarsa da Fiat, wanda daga baya ya zama ɓangaren Stellantis, suka sake gwadawa, kashi 65 cikin ɗari suka yi fatali da yarjejeniyar farko. Aka koma teburi, sai ga hanyar da sabon ɗauka zai kai babban albashi, ko da yake sai ya shekara takwas. Abin da aka ce musu ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan makonni.

Daga 2017 asiri ya fara tonuwa. Masu bincike na gwamnatin tarayya suka gano cewa jami'an Fiat Chrysler sun yi shekaru suna zuba wa manyan ƙungiyar kuɗi ta wata cibiyar horar da ma'aikata. An biya bashin gidan wani mataimakin shugaban ƙungiya, General Holiefield, sama da dala 260,000. Alphons Iacobelli, wanda ke zama a ɗaya ɓangaren teburin a madadin kamfani, ya sha ɗaurin shekara biyar da rabi. A 2021 kamfanin da kansa ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala miliyan 30. Norwood Jewell, wanda ya kawo yarjejeniyar 2015 da ma'aikata suka ƙi, shi ma ya tafi gidan yari. Shugabannin ƙungiya biyu a jere, Dennis Williams da Gary Jones, an ɗaure su kan wawure kuɗin mambobi, aka kashe a gidajen shaƙatawa na Palm Springs da wasan golf da sigari mai tsada. Jones ɗin nan shi ne shugaba a yajin aikin kwana 40 na 2019, lokacin da ma'aikatan General Motors ke tsaye a bakin ƙofa da dala 250 a mako. Ƙungiya ta dage cewa kuɗin bai shafi abin da aka rattaba wa hannu ba. Sai dai kamfani ba ya kyauta don Allah, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin kunya ne a ce sai da gwamnati ta shigo kafin mambobi su samu 'yancin zaɓen shugabansu. Amma haka aka yi: aka naɗa mai sa ido, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2021, zaɓen kai tsaye ya yi nasara. A Maris 2023 Shawn Fain, mai aikin lantarki daga Kokomo a Indiana, wanda ya yi adawa da yarjejeniyar 2007 tun yana jami'in reshe, ya kayar da shugaba mai ci, Ray Curry, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 500 ba. Wata shida bayan haka ya buga yajin aiki a kamfanoni ukun lokaci guda, abin da ba a taɓa yi ba. Alawus ɗin tsadar rayuwa ya dawo, shekara takwas ta koma uku. Kuɗin da aka yi ta cewa babu, ashe akwai.

Ba na cikin masu ɗaukar Fain a matsayin waliyyi. Kaso kaɗan ne na masu haƙƙin zaɓe suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen da ya kawo shi, kuma mai sa idon nan ya buɗe bincike a kan yadda ya yi da wasu abokan aikinsa a shugabanci. Uwa-uba, hawa biyun bai gama rushewa ba. Wanda aka ɗauka bayan 2007 har yanzu ba shi da fansho na dindindin, ba shi da asibitin tsufa. Abin da aka samar masa shi ne ƙarin kuɗin da kamfani ke zubawa a asusun ajiyarsa na ritaya. Tsofaffin ma'aikata kuma, waɗanda albashinsu ya yi shekaru a tsaye cik yayin da kaya ke tashi, sun lissafa sun ga kashi 25 bai mayar musu da abin da suka rasa ba. Daga waɗannan ɓangarori biyu ƙuri'ar ƙin amincewa ta Flint da Spring Hill ta fito.

Yarjejeniyar za ta ƙare ranar 30 ga Afrilu, 2028. Kafin lokacin, duk tsohon da ya yi ritaya, ɗan hawa na biyu ne zai maye gurbinsa a layi da kuma a akwatin ƙuri'a, kuma su ne za su yanke hukunci kan duk takardar da aka kawo musu ba tare da fansho a ciki ba.