Alhazai Uku a Bahar Maliya

(An gama aikin Hajji, jirgin komawa gida ya ƙi zuwa. Wani ɗan takari haifaffen Jidda ya ɗauki Alhaji Bakano, Malam Bazazzagi da Bakabe a ƙaramin jirgin ruwa, suka fita ta Abhur da la'asar.)

BAKABE: Yaro, tsai da jirgin ga. Mi kaka miƙo min? Zare da ƙugiya? Ni tela ne? Ina homa, ina gora?

ƊAN TAKARI: Kawu, nan ba a shiga. Dubi ƙasa. Wannan duk murjani ne, kaifinsa ya fi aska. Akwai kuma wani kifi da ke kwance kamar dutse, ƙayar bayansa dafi ce. Ka taka shi, sai asibiti.

BAKABE: Ni da na kama giwan ruwa a kogin Matan Fada na Argungu da hannuna!

MALAM: Matan Fada ana ganin ɗaya gaɓar. Nan in ka nutse, sai dai mutanen Sudan su yi maka salla.

BAKANO: Dakata. Murjani ka ce? Na wuyan mata? Duk wannan? Yaro, akwai guduma a jirgin nan?

ƊAN TAKARI: Ba irinsa ba ne, Baba Alhaji. Wannan ba ya yin tsakiya, kuma mai rai ne, gidan kifayen ke nan. Ka fasa shi askarawa su kama ka, jirginku ya zo ya tafi kana tarhil, inda ake tsare baƙi.

BAKANO: Tambaya kawai na yi.

MALAM: Bakano ko a Arfa ya tsaya, lissafin kuɗin haya yake yi.

BAKANO: Yi shiru, bawana. Da kuɗin wa ka sha shayi yau da safe?

(Zaren Bakabe ya motsa.)

ƊAN TAKARI: Ja, Kawu! Ja da sauri! Yalla!

BAKABE: Ba a gaggawa da kifi. Sai an bar shi ya gaji. Kakana ya koya...

ƊAN TAKARI: Halas. Ya shige rami, murjani ya yanke zaren. Najil ne wannan. Da ya ji ƙugiya gidansa yake nufa, ya buɗe kumatu ya tokare a ciki. In ba ka ɗago shi nan take ba, ka yi masa sadakar abinci.

BAKABE: Kifin ƙasar ga ba shi da tarbiyya.

(Ɗan takari ya jefa nasa. Jim kaɗan ya ɗago wani jan kifi mai ɗigo-ɗigon shuɗi.)

BAKANO: Tubarkalla! Nawa ake sayar da shi?

ƊAN TAKARI: A Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda, najil na cikin masu tsada. Sai babban baƙo ake saya wa. Talaka sha'ur yake ci. Ga kuma harid can a kwando, na karɓo wajen masu raga.

MALAM: Wannan koren mai bakin aku? Wa ya yi masa fenti?

ƊAN TAKARI: Haka Allah ya yi shi. A tsibiran Farasan, can wajen Jizan, har biki ake yi masa duk shekara wajen Afrilu. Garken kifin ya shigo ruwa marar zurfi, a killace shi, a ba da alama, jama'a su ruga a guje kowa ya kama.

BAKABE: A ba da alama a ruga? Sata ce! Namu ne na Argungu suka kwaikwaya. Tun 1934 muka fara, da Sarkin Musulmi Hassan ya zo.

ƊAN TAKARI: Da bakin nan yake gurzar murjani, ya ci gansakukar da ke kai. Dutsen ya niƙe a cikinsa, ya kasayar da shi fari fat. Farin yashin da ke gefen murjani, da yawansa ta cikin harid ya biyo.

BAKANO: Ta cikinsa? Ta ina ya fito?

ƊAN TAKARI: Ta inda ake fitowa.

BAKANO: Innalillahi! Robar faro uku na cika ɗazu, tsarabar ƙasa mai tsarki zan kai Kurmi.

MALAM: Kwantar da hankalinka. A wajen Malikiyya, kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne.

BAKANO: Alhamdu lillahi. Ashe karatun Zariya na da rana. Yaro, a ƙaro roba biyu.

(Bayan magariba, a bakin gaɓa. An hura gawayi, an kawo shinkafa sayadiyya mai launin soyayyar albasa. Wani masunci ya zo da bokiti.)

BAKABE: Subhanallahi! Wa ya taka kyankyaso da mota?

ƊAN TAKARI: Wani nau'in istakoza ne, Kawu, ɗan uwan jatan lande. Shi ba ya da almakashi, ba ya cizo. Faffaɗan abin nan biyu da ke gabansa gashin-baki ne. Da rana yana maƙale a kogon dutse ko cikin yashi, da dare yake fitowa neman katantanwa. Masu nutso su danne shi da hannu, wani lokaci kuma raga ta kwaso shi. In ya tsorata sai ya buga jela ya gudu da baya.

MALAM: Da baya? Bakano ne ya hango mai bin sa bashi.

ƊAN TAKARI: Wannan a mayar da ita ruwa, dubi ƙwai a ƙarƙashin jelarta. Sauran huɗun a tsaga su biyu, a sa tafarnuwa da lemon tsami. Naman duk a jela yake.

BAKANO: Malam, wannan halal ne kuwa?

MALAM: Suratul Ma'ida, aya ta 96: an halatta muku farautar teku da abincinsa. Ko kana cikin harami. Malik bai ware komai ba. Amma bari in ɗanɗana, a tabbatar.

(Ya ɗanɗana. Ya yi shiru. Ya jawo tiren gabansa.)

BAKANO: Yaya?

MALAM: Akwai saɓani.

BAKABE: Yanzu ka ce babu!

MALAM: Yanzu na tuna. Hanafiyya kifi kawai suka halatta a cikin ruwa. Ku biyun nan kuwa, a Mina tantinku na jingine da na Turkawa, har shinkafarsu kuka ci. Ina tsoron mazhabar ta shafe ku. Ku ci najil, ni zan ɗauki nauyin shubuhar.

BAKABE: Bar shi ya ci. Ni ko kyauta ba ni cin abin da ke da ƙafa goma.

BAKANO: Malam, ko ɗan loma ɗaya, don ilimi?

MALAM: Alhaji, sabon Hajji gare ka. Kada ka ɓata shi a kan jela.

(Malam ya side na huɗu, ya yi gyatsa, ya yi hamdala.)

ƊAN TAKARI: To, Baba Alhaji, jirgi da najil sadaka ce. Istakoza kuwa mai bokiti na jira. Riyal 200.

MALAM: Alhaji ne uban tafiya.

BAKANO: Wane Alhajin? Yaro, ni Bahanafe ne tun daga Mina. Ga Bamalike nan yana sakace.