Sikila ba daga uwa kaɗai take zuwa ba

A gidaje da dama, idan aka haifi yaro mai ciwon sikila, uwar ake ɗora wa laifi, a ce jinin danginta ne ya ɓata zuri'a, tunda ga mijin nan lafiyarsa ƙalau. Wannan zargi zalunci ne, kuma rashin sanin yadda gadon jini yake tafiya ne ya haife shi.

Ƙwayoyin gado bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma sau da yawa ɗayar tana rinjayar 'yar'uwarta, mai raunin ta lafe har sai ta haɗu da irinta. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno na ƙasar Czech ta yau, ya nuna haka a binciken da ya wallafa a 1866. Da ya haɗa doguwar shukar waken Turawa (pea) da gajera, zuri'ar farko duk dogaye ta fito, amma a ta biyu sai gajerun suka dawo, kusan ɗaya cikin huɗu.

Haka sikila take, sai dai da ɗan bambanci. Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar gado mai lafiya (A) daga ɓangare ɗaya da ta sikila (S) daga ɗayan, yana rayuwa lafiya domin A ta rinjayi S a zahiri, amma a cikin jininsa duka biyun suna aiki, shi ya sa gwaji yake gano shi, kuma tun 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu. Yaro ba ya zama SS, wato mai ciwon sikila, sai uba ya ba da S, uwa ma ta ba da S. Mijin da yake nuna wa matarsa yatsa, rabin gadon daga gare shi ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fassara ɗaya cikin huɗun nan, wato yiwuwar haifar mai SS idan uba da uwa duk AS ne. Ba layi ake bi ba: kowane ciki lissafinsa daban, don haka ma'aurata masu AS suna iya haifar masu SS uku a jere.

Jihar Kano ta yi daidai da ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024. Amma takardar sakamako ba ta bayani, ya kamata ma'aikacin lafiya ya zaunar da saurayi da budurwa da waliyyansu ya warware musu ma'anarta tun kafin a sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba.