Da dala muke sayen sharar Turawa

Wallahi abun da ake mana a harkar gwanjon nan ya isa haka, duk mai kasa kaya a kasuwannin Legas irin su Katangowa ko Yaba ko Aswani ran Talata ya san ba ƙarya nake ba. Ka tattara ɗan jarinka ka haɗa da kwasar adashe, ka je wurin mai dila, wato ƙullin gwanjon da aka matse aka ɗaure, ya rantse maka da abun da zai kashe shi cewa wannan lamba ɗaya ce daga Ingila ko hannu ba a sa mata ba, kuma ba a buɗewa sai ka biya, wai haka dokar kasuwa take. Ka sha da mai ɗauko, ka sha da 'yan tikiti, ka kawo ta rumfa da sassafe masu zaɓe sun zagaye ka kowa ya miƙo hannu, kana yanke ɗaurin sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Na sama ɗin masu kyau ne, an jera su don ido. Ciki kuwa rigar da hammatarta ta yi rawaya, jins zif ya mutu, wata an yi fenti da ita, ga wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi da ko a Jos cikin hunturu ba mai sa ta balle a zafin Legas. Ka koma wurin mutumin ya kalle ka ya ce Alhaji haka ta zo, ni ma ban shiga cikinta ba. Shikenan fa, an gama magana, uwar kuɗi ta tafi.

Kuma haushin da na fi ji, da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don tun can aka tace kayan. Bature ya cusa tsofaffin kayansa a akwatin sadaka a Landan ko Amurka yana jin ya yi aikin lada, shagunan agajin su ɗau kaɗan su sayar a can, ragowar a sayar wa kamfanoni a kan kilo. Su kuma su zauna su ware, na gani na faɗan ya tsaya a Turai, wani a wuce da shi Dubai ko Pakistan a sake tacewa, abun da ya rage a matse da inji a ɗaure a rubuta masa Afirka. Abun da aka bayar kyauta shi muke biya da kuɗin waje. Kafin watan Yunin 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, kuɗin da da zai ɗauko maka dila biyu ko uku yanzu ɗaya ma sai ka ciko. Ita kuma kwastoma tana nan da farashin shekaru biyar baya a kanta, ta ɗaga riga ta juya ta shinshina ta taya maka kuɗin da ko kuɗin motarka zuwa Agege bai kai ba, kuma ba za ka ga laifinta ba ita ma da ƙyar ta ci.

Ga wani abun takaicin, a takarda gwanjo haramtacce ne, yana cikin kayan da gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da su. To ya yake cika kasuwa? Jirgi ya sauke a Kwatano ko Lome, a biya su haraji can su yi gini da shi, sannan a lallaɓo ta bodar Seme, kowane shinge a hanya sai an sauke wani abu, duk a kanmu ake fanshewa. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019 kaya suka yi tashin gwauron zabi, aka buɗe a Disambar 2020 amma farashin bai ji an buɗe ba har yau.

Ingancin ma ya mutu. Da can in ka samu rigar auduga ta Ingila sai ta gaji da kai, yanzu duk roba ce ƙyal-ƙyal, irin kayan yayin nan da suke oda ta waya su sa sau biyu su ɗau hoto su yar, wanki ɗaya wuya ya saki. Wa ya ɗinka? Talaka ɗan uwanmu a Bangladesh, yawanci ma mata, da mafi ƙarancin albashinsu aka ƙara shi ya koma taka 12,500 a 2023, dala ɗari da 'yan kai a wata. A can ne benen Rana Plaza ya rufto a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100 suna kan keken ɗinki. Wato talaka ya ɗinka da jininsa, mai kuɗi ya yi kwalliyar sati biyu, wani talakan a Abule Egba nan Legas ya ci bashi ya sayi ragowar, wannan wai shi ne duniya ta zama gari ɗaya, kasuwa a buɗe kowa ya amfana.

In ka ce ba ka so kuma a nuna maka kai ba kowa ba ne. Ƙasashen gabashin Afirka sun shirya a 2016 za su daina karɓar gwanjo don su tada masaƙunsu, Amurka ta zare ido ta ce za ta taɓa musu rangwamen AGOA, wato damar shigar da kayansu Amurka ba haraji, sauran suka ja da baya, Ruwanda ta dage, a 2018 aka dakatar mata da shigar da tufafi Amurka ba haraji. A kan tsumma fa!

Kar wani ya zo min da zancen ai kai ma da gwanjon kake ci. Eh da shi nake ci, da me kake so in ci? Iyayenmu Kakuri suka sani, unguwar masaƙu a Kaduna, masaƙar KTL tun 1957 ta fara saƙa, ga masaƙar UNTL ga masaƙar Arewa, Kano ga Bompai da Sharada, audugar Funtuwa da Gusau a gida ake sarrafa ta, mutum ya yi aiki ya gina gida ya aurar da 'ya'ya. UNTL ta rufe a Kaduna a 2007, 'ya'yan ma'aikatan ne yau muke kwana a rumfa a Legas wasu na acaba har aka hana su shi a wasu sassan garin. Kuma wannan ba Bature kaɗai ba ne, namu ma sun yi mana, wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, atamfar Chana ta fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari da zanen da aka kwafa daga namu, manyan da ke shigo da ita kowa ya san su ba wanda ya taɓa su.

Gwanjon da ya ƙi sayuwa kuma, ka karyar ka karyar har ka koma kiran ɗari biyu ɗari biyu da yamma, makanikai su ɗebi na goge hannu, saura ka biya mai baro ya kwashe, wani ya ƙare a bolar Olusosun wani a kwata, damina ta zo ruwa ya shigo mana ɗaki a ce mu ne ƙazamai. Ka sayi shara da kuɗinka ka kuma biya a zubar maka da ita.

Ku masu kawo dila, dan Allah ko ku yarda a dinga yanke ta a gabanku in ta fito tsumma a raba asarar, ko ku rubuta a jikin ledar cewa tsumma ce mu biya kuɗin tsumma. Shugabannin kasuwa kuma da ba sa mantawa da kuɗin rumfa duk wata, ga magana nan ku kira taro a kai.