Yadda Wutsiyar Turanci Ta Cinye Kilishin Alhaji

A teburin mai shayi ne, bakin Kantin Kwari, da hantsi. Bakano bai daɗe da dawowa daga Ingila ba, inda ya je ganin ɗansa mai karatu. Bazazzagi, malamin Turanci a sakandare, yana tsoma burodi a shayi. Mai shayin kuwa mutumin Damagaram ne.

Bazazzagi: A'a, bawana! Saukar yaushe? Ina tsarabar ubangidanka?

Bakano: Kai dai bari, masha fate. Ashe Turawan nan ba sa jin Turanci.

Bazazzagi: To fa! Su da yarensu?

Bakano: Ina sauka a filin jirgi, wata ma'aikaciya ta dubi jakata ta ce, "You don't have any meat, do you?" Na ce mata "Yes." Kafin in ƙifta ido an zazzage jakar, an kwashe kilishin da Hajiya ta ƙulle wa yaro cikin shadda.

Bazazzagi: To ai kai ka ce mata akwai.

Bakano: Ni? Cewa ta yi ba ni da nama. Na ce eh, ba ni da shi. Ina laifina?

Mai shayi: Amma Alhaji, ai akwai naman.

Bakano: Kilishi tsaraba ce, ba nama ba. Zuba min madara ka yi shiru.

Bazazzagi: Wato ka shirya ƙarya da Hausa, ta fito gaskiya da Turanci. Saurara. Bahaushe idan an ce masa "Ba ka ci ba?" sai ya ce "Eh, ban ci ba." Maganar mai tambaya yake gaskatawa. Bature ba ruwansa da yadda aka jero tambayar, abin da ya faru yake dubawa. In akwai nama, "Yes, I do." In babu, "No, I don't." Ko ta gaba aka tambaye shi, ko ta baya, amsar ɗaya ce.

Bakano: To wannan "do you" ɗin da ta liƙa a ƙarshe fa? Shi ya ruɗa ni. Magana ta ƙare, sai kuma a ɗaura mata wutsiya.

Bazazzagi: Shi ne "ko?" ɗinsu. Mu dai "ko?" guda ɗaya ta ishe mu tun daga Kano har Agadas. Ka zo, ko? Ba ka zo ba, ko? Su kuwa kowace jimla da irin wutsiyarta. In jimlar ta ce eh, wutsiyar ta ce a'a: "You are a trader, aren't you?" In jimlar ta ce a'a, wutsiyar ta ce eh: "You aren't a thief, are you?"

Bakano: Me ya sa da za ka kawo misalin ɓarawo ka kalle ni?

Bazazzagi: Ido ne ya faɗa. Kuma ƙaramar kalmar aikin da ke cikin jimlar ita ake maimaitawa. In "can" ce, a ce "can't you?" In "have" ce, kamar "You have eaten," a ce "haven't you?" In "will" ce, a ce "won't you?"

Bakano: In babu ko ɗaya fa?

Bazazzagi: Sai a aro "do". "You sell cloth, don't you?" In jiya ce, "You sold cloth, didn't you?"

Bakano: Aro kuma! Harshen da ake ta yi mana fankama da shi, ashe da bashi yake tafiya. Ni yarana na shago "isn't it" suke sa wa komai. "You are buying, isn't it? You will pay, isn't it?" Kuma ana ciniki lafiya lau.

Bazazzagi: Ana ciniki, amma a jarrabawa jan biro ne. "Isn't it" tana da gidanta: "It is hot, isn't it?" Nan kawai da makamantansa.

Mai shayi: Mu a Nijar ba mu da wannan wahala. Bafaranshe "n'est-ce pas" kawai yake cewa, ya wuce abinsa.

Bakano: Ka ji mutanen kirki! Da can na kai yaron.

Bazazzagi: Bari in gwada ka. Ka ce ka makara, sannan ka sa wutsiya.

Bakano: Sauƙi. "I am late, amn't I?"

Bazazzagi: "Aren't I."

Bakano: Haba Malam! Yanzu ka ce abin da ke ciki shi ake maimaitawa. "Am" na sa, ina na samo "are"?

Bazazzagi: Haka suke faɗa.

Bakano: Su suka kafa doka, su suka karya.

Bazazzagi: Ba ka ji komai ba. "Let's go" wutsiyarta "shall we?" ce. Kuma "never" da "nobody" a'a ne a ɓoye, don haka "You never pay, do you?" za a ce.

Mai shayi: Malam, wannan ta ƙarshen me take nufi?

Bakano: Ba da kai ake ba.

Bazazzagi: Sauran murya. In ya ɗaga murya a kan wutsiyar, tambaya yake da gaske, bai sani ba. In ya sauke ta, ya riga ya sani, so yake ka amsa masa kawai. Ita matar ɗagawa ta yi ko saukewa?

Bakano: Ina na sani? Ni karen da ke gefenta nake kallo, shi kuma yana kallon jakata.

Bazazzagi: Ashe ko "No" ka ce, kilishin ya tafi.

Bakano: Amma da ya tafi da mutuncinsa, ba da bakina ba. Kai, ni zan wuce shago.

Mai shayi: Ranka ya daɗe, kafin ka tashi. Na shekaranjiya da na jiya, shayi huɗu da ƙwai shida, ba ka biya ba, ko?

Bakano: No.

Mai shayi: Malam, ya ce ya biya ke nan?

Bazazzagi: In da Hausa ya amsa, ya biya. In da Turanci ne, ya amsa laifinsa.

Mai shayi: Alhaji, da wanne ka amsa?

Bakano: Malam, wanne ne ba a biya a cikinsa?