Ranar da mutumin daji ya zama malamin 'yata

Shekarata shida ke nan a Malesiya, kuma a nan 'yata ta fara makaranta. A hutun tsakiyar shekara aka shirya wa ajinsu fita ta kwana biyar, uku a dajin Taman Negara, biyu a tsibirin Tioman. Da aka nemi iyayen da za su yi rakiya na ba da sunana, kuma tsoro ne ya sa ni. Ni mutumin Zariya ne, kuma a 'yan shekarun nan in an ce daji a wajenmu, masu garkuwa da mutane ne ke fara faɗo wa mutum a rai.

Taman Negara gandun daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 4,343, ya ratsa jihohin Pahang da Kelantan da Terengganu, tun ƙarshen shekarun 1930 aka keɓe shi. Daga garin Kuala Tahan muka shiga kwale-kwale a kogin Tembeling. Cikin dajin ko da rana tsaka akwai duhu-duhu, gumi ya jiƙa mu sharkaf, matsattsaku kuma ya maƙale a ƙafar wani yaro har jini ya ɓata masa safa. An ba kowane yaro ƙaramin littafi da fensir: abin da ka gani ka zana, wanda ba ka gane ba ka tambaya.

A rana ta biyu aka kai mu wani zango na mutanen Batek, ɗaya daga cikin ƙabilun asali da ake kira Orang Asli. Bukkokinsu na ganye ne, su kansu baƙaƙe ne masu nannaɗaɗɗen gashi, har 'yata ta raɗa mini, "Abba, kamar mu suke." Wani dattijo ya fito, ba takalmi a ƙafarsa. Malamar ajin ta ce wa yaran yau wannan ne malaminku, sannan ta nemi wuri a ƙasa ta zauna a bayansu, ta buɗe nata littafin. Ya nuna musu bututun gora da suke hura siraran kibau da shi, da itacen ipoh da ake tatsar ƙaronsa a yi dafi. Ya goga igiyar ratan, wani tsiro mai yaɗo, a jikin busasshen icce har hayaƙi ya tashi, wuta ta kama. Ya nuna musu tualang, doguwar bishiyar da ƙudan zuma ke rataya saƙarsu a rassanta. Yara suna ta rubutu, ni kuwa hankalina ya tafi gida, wajen wani maharbi a ƙauyen kakannina, wanda ya san kwankwani da ake dafin kibiya da shi, ya san sawun gada daga na barewa. Muna yara ba mu taɓa zama a gabansa don ya koya mana komai ba. Baƙauye muka ɗauke shi, mu 'yan boko.

Akwai abin da ya sosa mini rai a wurin. Muna tashi wani kwale-kwalen ya iso da baƙi, suna ɗaukar yaran Batek hoto ba ko sallama. A hanyar zuwa ma mun yi tafiya mai nisa ba ma ganin komai sai gonakin kwakwar manja a inda da can daji ne. Malesiya ma tana cin dajinta, kuma waɗannan mutane ne ke fara jin jiki. Amma abin da malamar nan ta yi, zaman da ta yi a ƙasa, ya ishe ni tunani.

A Tioman kuma murjani na gani da ransa. Ni dai abin da na sani, murjani shi ne jan abin wuyan da mahaifiyata ke ajiyewa a ƙasan adaka, sai kuma ayar Suratur Rahman da ta ambaci lu'ulu'u da murjani. Aka sa mana rigar iyo da gilashin ruwa, na kifa fuska, sai ga gari guda a ƙarƙashina, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, kifaye masu launi suna shiga suna fita. Jagoranmu, ɗan masuntan tsibirin, ya bayyana wa yaran cewa murjani ƙananan dabbobi ne, kuma a jikinsu akwai wani ɗan mitsitsin gansakuka da ke ba su abinci da launi. In ruwa ya yi ɗumi fiye da ƙima na 'yan makonni sai su kori gansakukan, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. A 2010 haka ta faru har gwamnati ta rufe wasu wuraren ninƙaya a tsibiran Tioman da Redang da Payar. Jagoran ya kai mu inda murjanin ya mutu, ya yi toka-toka, kifin wurin ma bai taka kara ya karya ba. Ba wanda ya yi wa yaran nan doguwar lacca kan sauyin yanayi, da idonsu suka gani.

Yanzu in kwatanta da fitar da muka yi a sakandare. An cika mu a bas, aka kai mu wani dam, muka ci shinkafa, muka yi hoto, aka ƙirga mu aka dawo. A bakin ruwan akwai masunta suna gyaran koma, ba wanda ya ce mu tambaye su ko da sunan kifi ɗaya.

Za a ce ai Malesiya na da kuɗi. Gaskiya ne, amma mu ma Allah bai hana mu wuraren ba. Ga Yankari da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki. Ga Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya. Ga dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai a lokacin sanyi, inda kuma kowane masunci zai iya gaya wa ɗalibi yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa. Za a kuma ce tsaro, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Ni ma ba zan yarda a kai 'yata gandun dajin Kamuku a halin da Birnin Gwari ta daɗe a ciki ba. To amma gawo fa? Yana nan a bayan kowane gari. Bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinta ya fi na gefe kyau. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu. Wannan darasi ba ya buƙatar bas. Yana buƙatar shugaban makaranta ya aika wa Sarkin Noma ko Sarkin Ruwa da goro, ya biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami, malaman aji kuma su zauna su saurara tare da yaran. Makiyayin da ya san wace ciyawa ke kumbura saniya ya cancanci wannan kujerar shi ma.

Da muka dawo na duba littafin 'yata. Ta zana itatuwa goma sha huɗu da sunayensu na harshen Malay. Na tambaye ta ko ta san kaɗanya, ta ce a'a. Ɗorawa fa? Ta girgiza kai, alhali daddawa ba ta yankewa a kicin ɗinmu. A daren na kira baffana a ƙauye, na ce in mun zo hutun Disamba ina so ya zaga da ita gona da fadama. Ya ce in gaya mata ta zo da littafin nata, kuma ta sa takalmi mai rufi saboda ƙarangiya.