Ƙarancin Fetur Ne Ya Kashe Injin Nan, Ku Bar Zargin Tukunya

Tun shekaranjiya bidiyon motar nan da injinta ya yi bindiga a wurin wasan mota yake ta yawo, kuma maganganun da ake yi a kansa sun fi asarar motar ɓata mini rai. Wasu na cewa naitros, wato iskar gas da ake fesa wa injin mota daga tukunyar ƙarfe don ƙara gudu, bam ne da ya kamata a hana shigo da shi, wasu na cewa tsautsayi ne da ba ya wuce ranarsa, shi kuwa wanda ya ɗaura kayan sai rantsuwa yake yi cewa tukunyar jabu aka sayar musu. Alhali da bakinsa ya faɗa cewa bai taɓa famfon mai ba, bai taɓa kwamfutar motar ba, bai sauya fulogi ko ɗaya ba, tiyo kawai ya ja daga but zuwa bakin manifol, bututun da ke raba wa silindojin injin iska, ya sa maɓalli kusa da giya. Wanda ya yi wannan aikin shi ya kashe injin, kuma ya kashe shi ne tun ranar da ya ɗaura kayan, ko da yake sai daga baya aka ji ƙarar.

Ya kamata mu fahimci abu ɗaya kafin kowa ya ƙara tofa albarkacin bakinsa. Naitros ba mai ba ne, kuma ba shi ke ba mota ƙarfi ba. Aikinsa ɗauko iskar oksijin. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 cikin 100 na nauyinta ne oksijin, shi kuwa naitros kusan kashi 36 ne, kuma ba ya sakin wannan oksijin sai zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, wato sai ya shiga cikin silinda. Bayan haka yana fitowa daga tukunya a matsayin ruwa, ya koma iska nan take da sanyin da ya kai digiri 88 ƙasa da sifili, sai ya sanyaya iskar da ke shiga injin ta ƙara kauri. Duk wannan dabarar manufarta guda ce, a samu damar ƙona fetur fiye da wanda injin ya saba ƙonawa. Ƙarfin daga ƙarin fetur ɗin yake fitowa. Idan aka ƙara oksijin ba a ƙara fetur ba, abin da ake samu zafi ne mai narkar da ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda da gas ya ga yadda yake yanka ƙarfe: wutar tana nan yadda take, oksijin yake buɗewa sai ƙarfen ya fara zuba. Abin da ya faru da kan fistin ɗin motar nan ke nan.

Saboda haka ne kayan naitros na gaskiya suke zuwa iri biyu, kuma kowannensu yana da hanyar ƙara fetur. Akwai wanda ke fesa naitros da fetur tare ta nozul ɗaya, da tiyo biyu da bawul na lantarki biyu, kowanne da ɗan raminsa da aka auna. Akwai wanda ke fesa naitros shi kaɗai, amma sai an sa kwamfutar motar ko na'urar matsin mai ta ƙara wa injekta fetur daidai lokacin da ake feshin. Babu nau'i na uku da ake fesa naitros a bar fetur yadda yake. Kuma ko an haɗa tiyon fetur, sai an tabbatar famfon mai zai iya kai abin da ake nema, sai an sa makunnin da ke yanke naitros da zarar matsin fetur ya faɗi. Famfon da ya yi shekara goma sha biyar a cikin tankin motar Kwatano, yana shan datti da ruwa, ba a ɗora masa wannan nauyin a kan zato.

Na ga masu cewa ai bakaniken ya shekara ashirin yana aiki, babu injin da bai sauke ba. Ban raina sana'arsa ba, kuma na san a garejojinmu akwai mutanen da da kunne kawai suke gane ciwon injin. Amma wannan aikin kunne ba ya isa. Kafin mutum ya ji ƙarar ƙwanƙwasa a cikin silinda yana tsaka da feshi, ɓarnar ta riga ta auku, domin abin daƙiƙa biyu ko uku ne. Aiki ne na lissafi da ma'auni. Oksijin mai yawa yana sa wuta ta ci da sauri, don haka ake ja da lokacin tartsatsin fulogi baya, kuma ƙa'idar da masu ƙera kayan suka saba bayarwa ita ce kusan digiri 2 a kan kowane ƙarfin doki 50 da aka ƙara. Ana sauya fulogi zuwa mai saurin fitar da zafi da mataki ɗaya ko biyu, a rage tazarar bakinsa. Ana fara gwaji da mafi ƙanƙantar feshi, a kashe mota, a cire fulogi a duba launinsa, kafin a yi tunanin ƙari. Injin silinda huɗu da ba a taɓa cikinsa ba, ƙarin ƙarfin doki 50 ya ishe shi, kuma wanda yake son abin da ya wuce haka nesa sai ya sauya fistin da kwanrod zuwa masu ƙwari, ya duba kulocinsa. Injin da ke shan baƙin mai yana hayaƙi kuwa gyara yake nema tukuna.

Sannan ku sake kallon bidiyon da kyau. Direban ya danna maɓallin ne motar tana juyi a hankali, totur ba a ƙasa ba. Naitros ba a fesa shi sai totur yana buɗe gaba ɗaya kuma injin ya haura juyi 3,000 a minti. Ƙasa da haka, yawan abin da ke shiga kowace silinda a kowane juyi ya yi yawa, matsi ya wuce kima, wuta kuma tana iya komawa baya ta tashi a cikin manifol, wanda a motocin zamani galibi na roba ne. Haka kuma idan injin ya kai ƙarshen juyinsa kwamfuta ta yanke fetur alhali naitros na ci gaba da shiga, an sake komawa ga matsalar farko, oksijin babu mai. Shi ya sa ake sa makunni a jikin totur da wata 'yar na'ura mai buɗe feshi tsakanin juyi kaza zuwa juyi kaza kawai. Kuɗinsu bai kai kuɗin taya biyu da ake ƙonarwa a yamma ɗaya ba, amma su ake fara tsallakewa. Kuma idan bawul ya yi yoyo mota tana kashe, naitros ya taru a manifol, wanda ya murɗa makulli shi zai tayar da wutar, don haka ake rufe tukunya duk lokacin da aka ajiye mota.

Akwai abin da ya shafe mu musamman wanda takardun da ke zuwa da kayan daga Amurka ba su damu da shi ba. Ramukan nozul an auna su ne a kan matsin tukunya tsakanin 900 zuwa 1,000 a ma'aunin psi, wanda ake samu idan zafin tukunyar yana wajen digiri 30. A can matsalarsu sanyi ce, shi ya sa suke naɗe tukunya da bargon lantarki mai kashe kansa, kuma hukumar tseren motoci ta Amurka, NHRA, ba ta yarda a ɗumama tukunya da harshen wuta ba. Mu tamu matsalar akasin haka ce. Naitros yana daina zama ruwa idan zafi ya haura digiri 36, matsinsa ya yi ta hawa, kuma kowa ya san abin da Afrilu take yi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda inuwa ma take wuce digiri 40, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana. Matsin tukunya ba ya kan inda aka auna shi, fetur kuma yana nan yadda yake, lissafin da aka yi wa nozul ya rushe. Saboda haka agogon matsi wajibi ne, da fayafayin tsaro mai fashewa idan matsi ya kai wajen 3,000, da bututun da zai fitar da iskar waje don kada ta cika motar da mutane a ciki. A kan wannan a ƙara matsalar ingancin man da muke sha. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya lalata motoci a Fabrairun 2022 ba, kuma wanda zai sayi mai a galan a bakin titi ya fesa masa naitros ya riga ya yanke wa injinsa hukunci.

Masu cewa a haramta shi kwata-kwata ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Jamusawa sun yi amfani da shi a jiragen yaƙinsu tun Yaƙin Duniya na Biyu, a tsarin da suka kira GM-1, domin injin ya samu numfashi a can sama inda iska ta yi ƙaranci. Kamfanin NOS ya fara sayar da shi ga masu tsere a Amurka tun shekarun 1970, kuma har yau ana tseren mita 402 da shi kowane mako, injin ya gama ya koma gida lafiya. Su ma feshin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar suke yi, a fili killatacce, da hular kwano da na'urar kashe gobara, babu 'yan kallo a bakin taya. Mu kuwa a kan titin unguwa ake yi, ranar ɗaurin aure, yara sun kewaye mota suna ɗaukar hoto, kuma wannan shi ma yana kan wuyan wanda ya ɗaura da wanda ya tuƙa.

Wani abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaron da ya tambaya ko wannan ita ce iskar da ake zubawa a balan-balan a wuraren fati, wasu kuma suka amsa masa da dariya. Ita ce, kuma a Yulin 2023 hukumar NDLEA a ƙarƙashin Buba Marwa ta ba da umarnin kama masu sayar da ita don shaƙa, Birtaniya ma ta haramta mallakarta don wannan manufa a Nuwambar shekarar. Shaƙarta tana lalata aikin bitamin B12 a jiki, ta taɓa jijiyoyi da laka, har matashi ya wayi gari ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Wadda ake sayarwa don mota kuma da gangan ake zuba mata ɗan sinadarin sulfa mai ƙona maƙogwaro domin kada a shaƙa. Iyaye da ke ganin ƙananan gwangwanayen ƙarfe masu ƙyalli a ɗakin samari ko a ƙarƙashin kujerar mota, ku tambaya ku ji na mene ne.